RUWAN KAMFANI BA YA TSAYAWA A ƘOFAR KAMFANI

Jama'ar Kankiya da Kusada, manoma da makiyaya, mahauta da 'yan fata, da iyayenmu mata da ke cikin gida.

Duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, in ya iya boko, to ya karanta wa na kusa da shi. A karanta a dandali, a karanta a mahauta, a kuma shiga da ita cikin gida. Ni da na rubuta ta malamin makaranta ne. Shekara 5 na yi riƙe da alli ina koya wa 'ya'yanku kimiyya kafin in ajiye in kama aikin jam'iyya. Saboda haka in kun ji ina nanata magana, ku yi mini uzuri, halin malanta ne.

Na san abin da wani dattijo zai ce tun ban fara ba. Zai ce, "Malam, mu da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, mu da buhun taki ya gagara, kai kuma ka zo mana da zancen kwatamin Kano?" Gaskiyarka, Baba. Tsaro da taki su ne a gaba, kuma mun yi maganarsu a wasu takardun. Ba kuma zan ruɗe ku ba, ruwan kogin Calawa ba ya gangarowa Kankiya. Gabas ya ke yi, ya haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa, ya wuce Wudil, ya nufi Haɗeja. Amma fa guba ba kogi kaɗai ta ke bi ba, tana hawa mota. Ta kan biyo ta Bici da Tsanyawa ta sauka a Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, cikin kwandon latas, ko cikin durom ɗin da ka saya don ajiye ruwa, ko cikin jikin ɗanka da ya dawo daga cin rani.

INA FATAR RAGONKA TA TAFI?

Ran Babbar Salla ka yanka ragonka, ka feɗe, ka ba da fatar sadaka ko ka sayar wa ɗan fata. Shi kuma ya barbaɗa mata gishiri, ya tara, ya loda wa motar Kano. Daga nan ka daina jin labarinta. To, bari in ba ka.

Fatar ƙasarmu, musamman ta jar akuya, ta yi suna tun zamanin fatake masu keta Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can ta ke isa gare su. Har gobe ana kai ta Italiya da Sifen ana yin takalma da jakunkuna masu tsadar da ni da kai ba za mu iya tayawa ba. Kakanninmu majema da toka su ke cire gashi, su jeme da bagaruwa. Aiki ne mai wari, shi ya sa a ke kai majema gefen gari. Amma abin da majemi ya zubar daga itace ya fito, in ya kwana biyu sai ya ruɓe ya koma ƙasa.

Mai kamfani ba shi da haƙurin jiran bagaruwa. Shi da sinadari ya ke jima, wani gari mai launin tsanwa da a ke yi daga ƙarfen da a ke kira kuromiyam, ma'aikata kuwa su ce kurom. Daga ƙasashen waje a ke sayo shi. Abin da bagaruwa za ta yi kwanaki tana yi, kurom zai gama shi a yini guda. Sai dai fata ba ta shanye shi duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya kan rage a cikin ruwan jimar. Ruwan kuwa ba kaɗan ba ne: tan guda na ɗanyar fata ya kan ci ruwa lita 30,000 ko fiye, watau durom 150. Ku riƙe wannan lissafi. Durom 150 na ruwa mai gishiri, mai ruɓaɓɓen nama da gashi, mai sinadarin tuge gashi wanda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuma kurom. Ina zai tafi?

Wanda ya taɓa cin rani a Kano ya san amsa. Unguwannin masana'antu uku ne manya: Bompai, da Sharaɗa, da Calawa. Ruwan Bompai ya kan bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, Jakara kuwa dama ita ce ta kwaso dattin birni da Fagge da Sabon Gari. Su tafi tare har madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Na Sharaɗa ya bi rafin Salanta, ya ƙare a kogin Calawa. Na unguwar Calawa ya ratsa ƙauyukan Kumbotso ya faɗa kogin kai tsaye. A ƙasa da su kuwa, a Tamburawa, nan injinan ruwan famfo su ke jan ruwan da Kanawa ke sha. Malaman jami'o'in Kano da Zariya sun yi shekaru suna ɗibar wannan ruwa suna aunawa, sun auna ƙasar lambu, sun auna ganye da kifi, sun rubuta sun sake rubutawa cewa akwai kurom da dalma da wasu ƙarafa fiye da ƙima. Rubutun yana nan cikin kabad yana shan ƙura.

Su wa ke noman rani a bakin Jakara? Talakawa ne irinmu, da yawansu ma 'yan cin rani ne. Da wannan baƙin ruwa su ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma ganyen ya yi shar ya yi kyau, gama ruwan kwatami taki ne. Ba na zarginsu ko kaɗan. Mutumin da bai da wani ruwa, da wanda ya samu zai yi aiki. Wanda na ke zargi shi ne mai buɗe bututu da tsakar dare, da kuma jami'in da ya san ana buɗewa ya kau da kai.

Akwai wani yaro da na koyar a aji uku na ƙaramar sakandare, daga wani ƙauye wajen Rimaye, yaro mai kai. Babu kuɗin ci gaba, sai ya tafi Kano ya sami aikin lebura a wani kamfanin fata. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin ba shi kaɗai ke yi ba. Aikinsa jan jiƙaƙƙiyar fata daga ganga, babu safar hannu, babu takalmin roba. Da ya dawo da damina, sai ya miƙo mini hannu mu gaisa, ya kuma janye don kunya. Yatsun duk sun tsattsage, ƙafafun duk gyambo. A asibiti abin da aka fara tambayarsa shi ne, wane aiki ka ke yi? Ya koma ya nemi taimakon magani, aka ce masa ai sunansa ba ya cikin littafi, shi ɗan kullum-kullum ne. Ranar na kasa koyarwa. Ina tsaye gaban allo ina zana yadda ruwa ke zagayawa daga ƙasa zuwa gajimare, zuciyata tana cewa, wanga karatu me ya tsinana wa yaron nan?

DARASI GUDA, KU YI HAƘURI

Datti iri biyu ne. Akwai mai ruɓewa, kamar kashi da fitsari da ruwan wanke-wanke da jinin mahauta. Akwai kuma wanda ba ya ruɓewa har abada, shi ne ƙarfe: dalma, da zaiba, da kurom, da wani da a ke kira kadmiyam. Kowa ya san in ka binne mushen jaki, baɗi sai ƙashi. Amma ka binne dalma, jikanka zai tono ta yadda ka sa ta. Tafasa ruwa ba ya kashe ta, gama ba rai gare ta ba. Hasali ma in ruwan ya ƙone, ƙara kauri ta ke yi.

A manyan birane akwai ma'aikatar tace ruwan kwatami, irin wadda ke Wupa a Abuja. Kada ku ɗauka wani sihiri a ke yi a ciki. Tafkuna ne da tankuna cike da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin, kamar yadda taki ke nuna a cikin juji. Ruwa ya fita da sauƙin datti, laka ta kwanta a ƙasa, a kwashe ta a shanya, manoma su kai gona. To, ran da mai kamfani ya haɗa bututunsa da na gari ya saki ruwan ƙarfe, ɓarna uku ya yi. Ƙwayoyin nan masu aiki sai su mutu ko su raunana, kamar ka zuba wa shanun huɗa guba ana tsakar noma, dattin gari duka ya wuce ba a tace ba. Ƙarfen da ya kwanta ya shiga lakar nan, takin da zai amfani manomi ya zama abin da zai lalata masa gona. Wanda bai kwanta ba kuwa ya bi ruwa ya shiga kogi. An gina ma'aikata da kuɗin jama'a, mutum ɗaya ya kashe ta don ya tsimi nasa.

Shi ya sa magana ɗaya ce tak, kuma ita ce jigon takardar nan: a cire ƙarfen tun a cikin kamfani, kafin ruwan ya fito ƙofa, kafin ya gauraya da na kowa. Tun yana cikin ganga guda a ke iya kama shi. In ya shiga kogi, sai ka ce tsintar gero cikin rairayi.

Kuma kada wani ya ce muku abu ne mai wuya. Ruwan kurom a kan ware shi daban. A zuba masa sinadari irin farar ƙasa, sai kurom ɗin ya dunƙule ya kwanta kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan ƙwarya. A tsiyaye ruwan sama, a narkar da na ƙasa, a mai da shi ganga a sake jima da shi. Abin da mai kamfani ya sayo da dala, ya ke kuma zubarwa a rafi, ga shi ya dawo hannunsa. Wannan dabara ta daɗe a duniya.

Don ku san ƙarfin abin da mu ke magana a kai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma a ruwan sha kada ta wuce giram 1 cikin lita 100,000. Dunƙulen magi giram 4 ne. Ke nan dalma mai nauyin dunƙule ɗaya ta isa ta kai durom 2,000 bakin iyaka. Kurom kuwa giram 1 cikin lita 20,000. Gaskiya ɗaya ce, kurom ɗin jima ba shi ne mafi muni ba. Amma in aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme da shi, yadda a ke ƙonawa a juji, wani sashensa ya kan rikiɗe ya zama mugun iri mai cin fata, mai kawo ciwon daji a huhu.

ABIN DA YA SAMI WASU

A ƙasar Jafan, wani kamfanin haƙar ma'adini ya yi shekaru yana sakin kadmiyam cikin kogin Jinzu mai ratsa lardin Toyama. Manoma suna ban ruwan shinkafa da shi, suna cin shinkafar. Sai ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi, har tsohuwa ta yi tari haƙarƙarinta ya karye. Mata ne suka fi shan wuya. Sunan da aka sa wa ciwon shi ne itai-itai, watau wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatinsu ta yarda cewa ruwan kamfanin ne. Aikin kwashe ƙasar gonakin a sauya wata ya ci shekaru fiye da 30.

A Indiya akwai birnin Kanfur a bakin kogin Ganga, birnin fata ne kamar Kano. A 1987 kotun ƙolinsu ta ce duk kamfanin fatar da bai kafa wurin tace ruwansa na farko ba, a rufe shi. Daga baya aka gina ma'aikata guda mai haɗa ruwan majemu da na kwatamin gari. Da ya ke kamfanoni da yawa ba su cire kurom ɗinsu yadda ya kamata ba, sai ya cika lakar, ya kuma bi ruwan da a ke ba gonakin ƙauyukan kewaye. A Bangaladash kuwa, a 2017 aka tashi majemun Hazaribag daga birnin Daka aka mai da su Sabar tun ma'aikatar tacewa ba ta kammala ba. Sai aka kashe kogi na biyu bayan na farko. Amurka ma sai da ta sha wannan wuya ta yi dokar tsabtar ruwa a 1972, a 1978 kuma ta fito da ƙa'idar da ta tilasta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta zuba a kwatamin gari. Su ne uwayen jari-hujja, amma ba su yarda ɗan kasuwa ya kashe musu ma'aikatar gari ba.

Me ya kai mu nesa ma? Ga Zamfara nan. A 2010, ina aji ɗaya a sakandare, aka fara jin yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Yaro ya yi ta amai, ya sanƙare, ya tafi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka auna jini aka ga dalma ce. Dutsen zinariya a ke kawowa cikin gida, a niƙa a injin da a ke niƙa hatsi, a daka a turmin da a ke daka fura, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Waɗanda suka rayu, da yawa dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Bagega sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Samarinmu nawa ne suka tafi haƙar zinariya? Da wace riga su ke dawowa gida, wa ke wanke ta, wane yaro ke kwanciya a kanta?

BA DOKA MUKA RASA BA

A 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka kawo dubban ganguna na guba suka jibge a garin Koko, can tsohuwar Jihar Bendel, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Da asiri ya tonu, gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. A 1991 aka fito da ƙa'idar da ta ce kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwanta. A 1992 aka yi doka mai lamba 86, cewa ba a kafa babban aiki sai an binciki illarsa ga mutanen wurin. Tsarin mulkin 1999, sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati kiyaye ruwa da iska da ƙasa. A 2007 aka kafa hukumar NESREA a madadin FEPA, a 2009 ta fito da ƙa'ida ta musamman kan masaƙu da kamfanonin fata.

Kun ji takardu, kamar a yi musu rumbu. Amma ku ji tarar da aka rubuta a dokar 2007 ga kamfanin da ya saki abu mai guba: kada ta wuce naira miliyan 1, da naira 50,000 kowace ranar da ya ci gaba. Miliyan guda! Ku je kasuwar Caranci ku tambayi kuɗin ƙosasshen bijimi yau. An yi wa dokar kwaskwarima a 2018, amma rafin Salanta bai ji labari ba. Muddin biyan tara ko cika aljihun mai dubawa ya fi tace ruwa araha, to mai kamfani ya iya lissafi, ba zai tace ba.

Kuma su wa ke yin dokokin nan, su wa ke raba kuɗin hukumomin da za su duba? 'Yan majalisa ne. Mu ma muna da kujera a Majalisar Wakilai, ta Kankiya da Kusada da Ingawa. Muna da kujeru a majalisar jiha a Katsina. Ƙuri'arku ce ke ɗora mutum a kai.

"KAMFANONI ZA SU GUDU"

Wannan ita ce waƙar abokan hamayyarmu. Da ka ce a tace ruwa, sai su ce kana korar masu jari, kana hana samari aiki. To, mu tambaye su. Masana'antun da suka cika Bompai da Sharaɗa a shekarun 1970 da 1980, waɗanda yau da yawansu sun zama kango ko sito, tace ruwa ne ya rufe su? Wa ya taɓa matsa musu su tace? Rashin wutar lantarki ne ya kashe su, da faɗuwar naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da kayan waje da aka bari suka cika kasuwa. An bar su sun ɓata ruwa kyauta shekara da shekaru, kuma duk da haka suka rufe. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Na biyu, Turawan da ke sayen fatar, a can ƙasarsu ba su isa su zuba ruwan kurom a rafi ba sai an tace shi. Shi ya sa su ke so a yi musu aikin ƙazantar a nan, a aika musu da fata mai tsabta. Riba ta hau jirgi, laka ta zauna da mu. In mai kamfani ya ce ba zai ci riba ba sai ya zuba dattinsa a ruwan mutane, to ba shi ke biyan kuɗin sana'arsa ba. Mai lambu ne ke biya masa, da masunci, da leburan da na ba ku labari.

Mu ba maƙiyan masana'anta ba ne, wallahi muna son ta. Mun san ma'aikatar ƙarfe ta Kankiya, mun san kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina da aka buɗe a 1982, mun san masaƙar Funtuwa. Fatarmu ma mun fi so a jeme ta a jiharmu, a ɗinka takalmin a nan. A 2024 an buɗe tashar kaya ta tudu a Funtuwa, kuma kowane ɗan takara yana yi mana alkawarin kamfanoni. Madalla. Amma tun ran gini ran zane. Kano tana da manyan koguna da madatsar Tiga, kuma ga yadda ta kasance. Mu me mu ke da shi? Madatsar Kusada, da Zobe can Dutsin-ma wadda aka gama a 1983, da rafukan da ke ƙafewa da rani, da rijiyoyi. Rafin da ba ya gudu wata bakwai ba ya wanke komi. Abin da aka zuba masa, nan zai nutse ya sami rijiyarka.

ABIN DA MUKA ƊAURE 'YAN TAKARARMU DA SHI

Duk kamfanin da ke aiki da ƙarfe mai guba, na fata ne, na batir ne, na rini ne, na wanke zinariya ne, ba za a ba shi fili ko lasin a Jihar Katsina ba sai an ga wurin tace ruwansa a tsaye yana aiki. A tsaye muka ce, ba a zane cikin takarda ba. Ba kuma za a ba shi fili a saman madatsa ko kusa da fadamar da a ke noman rani ba. In gwamnati ta gina ma'aikatar tace kwatami a Katsina ko Funtuwa, babu kamfanin da zai haɗa bututu da ita sai ya cire ƙarfensa a gida, kuma ya biya gwargwadon dattin da ya rage.

Maganar masu dubawa ita ce ta fi damuna, don nan a ke cin amana. Mai dubawa ya aiko da wasiƙa ran Litinin cewa zai zo ran Alhamis. Ran Alhamis a kunna na'ura, a share fili, a yanka kaji. Ya ɗebi ruwa garai-garai a kwalba, ya sa hannu, ya tafi da ambulan. Da dare a buɗe bututu. Mu cewa muka yi a riƙa zuwa ba sanarwa, da dare da rana, da wakilin ƙauyen da ke ƙasa da bututun a tsaye yana kallo. Abin da aka samu kuma a karanta shi a rediyo da Hausa, da sunan kamfanin, kamar yadda a ke karanta farashin hatsi. Ga makarantar koyon aikin lafiya a nan Kankiya tana yaye duba-gari kowace shekara, suna zaune gida babu aiki. A ɗauke su, a ba su kayan awo da babur da albashin da zai sa su ƙi ambulan.

A majalisar tarayya kuwa, wakilinmu zai nemi a ɗaura tara a kan cinikin kamfani, babba ya biya da yawa, kuma in an sake kama shi a gurfanar da shugaban kamfanin da kansa, kada a kama mai gadi. Zai nemi a hana sayar wa manoma lakar kamfani da sunan taki sai an auna ta. Lebura, ko na kwana ɗaya ne, a rubuta sunansa, a ba shi safar hannu da takalmi, in ya ji ciwo a yi masa magani. Babban asibitin Kankiya kuma a kawo masa na'urar auna dalma a jini. Ƙarama ce, a kan tebur a ke ajiye ta, da irinta aka yi aiki a ƙauyukan Zamfara.

KAFIN RANAR ZAƁE

Akwai abin da ba sai kun jira kowa ba. Shuɗin durom da jarkar da aka ɗauko daga kamfani, in ba ku san abin da aka zuba a ciki ba, kada ku sa ruwan sha ko manja ko hatsi. Wanda ya zo muku da tifar baƙar laka mai launin tsanwa-tsanwa ya ce taki ne mai araha daga Kano, ku tambaye shi daga wace unguwa, in ya yi kame-kame ku sallame shi. Masu fasa tsohon batir su narkar da dalma, kada a bar su su yi cikin gari ko kusa da rijiya. Ɗanku da ke aikin fata ko haƙar zinariya, ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shigo gida, kuma dutsen zinariya kada ya ƙetare zaure. Iyaye mata, turmin abinci na abinci ne.

'Yan takara za su zo, namu da na wasu. Za su zo da taliya da sabulu da turmin atamfa, da maroƙa a bayan mota. In mai neman kujera ya gama jawabi, dattijo ɗaya ya tashi ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kamfanin da ka ce za ka kawo mana, ina ruwansa zai bi? Wa zai auna shi? In an kama shi, nawa zai biya?" In ya ce za a duba, ku ce masa tun 1991 a ke dubawa. Namu ma kada ku raga masa. Abin da na lissafa a sama mun sa ya sa hannu a kai, kuma kwafin takardar yana ofishin jam'iyya na kowace mazaɓa, daga Kafin Soli da Tafashiya har Mawashi da Kafarda. Wanda ya ke so ya je a karanta masa, ya karɓi nasa kwafin ya adana a cikin akwati tare da katin zaɓensa.